Jirgin da Baba Ya Nutsar

Pangani, Janairu 1988

Yaya Mwantumu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga ƙaninki Kombo, da fatan kina lafiya. Ya aikin asibiti, ya baƙunta a Maskat? Mu nan lafiya ƙalau. Matata Tatu tana gaishe ki, ta ce halawar da kika aiko ta iso, wai kuma in faɗa miki ni na cinye rabi kafin ta gani. Sharri take mini, bai kai rabi ba. Ɗinki yana tafiya, kayan 'yan makaranta sun sha mini kai a wannan wata.

Baba yana nan yadda kika bar shi. Ya yi loma biyu ya tsame hannu. Ya yi salla ya koma kan dakali ya zuba wa bangon maƙwabta ido. Tun rasuwar Mama bara, in ban da "to" da "a'a" ban ji wata kalma ta fito daga bakinsa ba. Nahodha Faki fa, shugaban jirgi guda, wanda in ya daka tsawa daga kan jirgin fito ake jin muryarsa har Bweni a ƙetaren kogi. Tsofaffin abokan aikinsa sun gaji da zuwa gaisuwa ana kallon su kamar baƙi.

Na samu saƙonki cewa kun gama magana da Gwaggo Riziki, za a kai shi wurinta Darussalam ya zauna kusa da likitoci. Ban ce ba ku da gaskiya ba. Amma Yaya, bene fa, a tsakiyar unguwar kasuwa ta Kariakoo, inda ko ƙamshin ruwa ba zai ji ba. Ni tsoro nake ji in aka ɗauke shi daga bakin kogin nan, gawarsa za a dawo mana da ita.

To yanzu ki zauna, in da abin fashewa a hannunki ki ajiye. Na sayi jirgi.

Kin tuna Bwana Stavro, Bagirken nan manajan gonar zaren igiya, da farin jirginsa mai inji, mai ɗan ɗaki da tagogi, wanda muke bi da gudu a bakin kogi muna yara? Tun da ya koma ƙasarsu jirgin yana kulle a rumfa, shekara da shekaru bai taɓa ruwa ba. Babur ɗina na bayar aka ba ni shi, har da kajin da suka mai da shi gida. Akwai gado biyu a ciki, da wurin ɗora tukunya, da sitiyari mai ƙyalli in an goge. Injin kuwa makaniki ya ce bai mutu ba, suma ya yi.

Kafin ki fara zagina, ji dalili. Ranar da muke jan sa a kan gungumen kwakwa zuwa bakin kogi, ta ƙofar gidanmu muka bi. Baba yana kan dakali. Yaya, ya juyo da kansa! Ya bi jirgin nan da kallo har muka sha kwana. Rabon da in ga idonsa ya bi wani abu har na manta.

Roƙona ɗaya ne. Ki dakatar da maganar Darussalam har Babbar Salla da za ki zo hutu. In kin zo kin ga babu canji, ba zan yi musu ba.

Ƙaninki,
Kombo

Maskat, Fabrairu 1988

Kombo,

Wa'alaikumus salam. Ina lafiya, sai ciwon ƙafa na tsayuwa. Ka gaida Tatu, ka ce na yarda da ita a kan maganar halawa. Ka durƙusa ka gaida mini Baba ko da ba zai amsa ba.

Jirgi! Kai Kombo, tela, jirgi? Kai da ko tsallaka kogi a jirgin fito na Baba sai Mama ta raba lemun tsami biyu, rabi nata rabi naka, ku zauna ku runtse ido kuna tsotsa kamar masu jiran hukunci? Kai da ba ka iya iyo ba? Sai da na karanta wasiƙarka sau biyu, na ba abokiyar ɗakina ta duba ko idona ne. Ka ba da babur mai tafiya ka karɓi akurki.

Bari in bar wasa. Irin Baba nake jinya kullum a nan. Tsoho ya rasa matarsa, ya daina magana, ya daina ci, 'yan uwa su yi ta cewa haƙuri ne, sai wata safiya a wayi gari babu shi. Shirun nan ciwo ne, Kombo, kuma yana kisa. Ina nan ina wanke iyayen wasu, ina ba su abinci a baki, nawa uban yana can yana bushewa a kan dakali. Kana jin ina barci? Ba don in raba shi da gida na nemi Gwaggo ba, don in same shi da rai ne.

Amma ka ce ya juyo da kansa, kuma wannan maganar ta tsaya mini a rai. Na yarda, har Babbar Salla. Na rubuta wa Gwaggo ta dakata. Sharaɗina shi ne kada ka kuskura ka ɗora shi a kan ruwa kai kaɗai, kuma ka riƙa rubuto mini gaskiyar abin da yake ci da yadda yake kwana, ba labarin fenti ba. In na zo na same shi yadda yake, da hannuna zan sa shi a mota, ka yi fushinka ka huce.

Yayarka,
Mwantumu

Pangani, Maris 1988

Yaya,

Salamu alaikum. Muna lafiya, Allah ya sawwaƙe ciwon ƙafa. Tatu ta ce ki riƙa jiƙa su a ruwan ɗumi da gishiri, kamar ke ba ma'aikaciyar jinya ba ce. Baba yana cin ɗan abin da yake ci, jiya dai ya ƙara kifi a kan shinkafar kwakwa.

Kin ce ba kya son labarin fenti, to kin yi sa'a, na gama fenti. Jirgi yana kan gungume ƙarƙashin darbejiyar nan ta bakin kogi, fari tas. Na ɗinka wa tagogin labule shuɗi mai ratsi, na yi wa gadajen katifa da riguna. Mata har zuwa suke su leƙa, biyu sun ce in yi musu irinsa a ɗaki. Makaniki ya cire injin ya tafi da shi shagonsa yana ta fama. Masu zaman bakin kogi sun sa mini suna Nahodha Allura. Ina jin su, ina yin kamar ban ji ba.

Matsala ɗaya ce ta rage. In na shiga cikin jirgin da rana na rufe ƙofa, haske yana shigowa ta tsakanin katakan gindinsa kamar kwando. Wani wurin ɗan yatsana yana shiga. Amma wannan ba ya ba tela tsoro, abin da ya buɗe rufe shi ake yi. Na sa kafinta ya tsaga mini siraran katakai da zan cusa a tsagogin da guduma, sauran in cike da siminti. Da na samu sararin ɗinki zan fara.

Ga albishir kuwa. Baba ya bar dakali! Kullum da safe yanzu sai ya tako har bakin kogi. Ba ya zuwa inda nake. Can gaba yake wucewa shi kaɗai, wajen da kogi ya haɗu da teku, ya tsaya ya daɗe yana kallon ruwa. Wani lokaci ya naɗe zani ya shiga har gwiwa, ya ɗan tsaya, ya fito. Rannan da zai koma gida ya biyo ta wurin jirgi, ya sa yatsa a tsaga guda, ya kalli buhun simintina, ya kalle ni. Na ce, "Baba, ya ka gani?" Ya juya ya kama hanyar gida. Amma kallon nan na da ne, irin wanda yake mini in na zo da sakamakon makaranta.

Damina ta fara sauka da ƙarfi, an ce hanyar Tanga ta fara lalacewa. Allah ya kai mu azumi lafiya.

Ƙaninki,
Kombo

Maskat, Afrilu 1988

Kombo,

Salamu alaikum, barka da shiga azumi. Ina lafiya. A gaida kowa.

Wai kai kanka ɗaya kuwa? Ka rubuta mini cewa tsohon da ya rasa matarsa, wanda ba ya magana, yana zuwa wurin da babu kowa yana shiga ruwa shi kaɗai, ka kira shi albishir? Ba zan rubuta abin da nake tsoro ba, ka san shi. Kai kana can kana gyara labule!

Daga yau kada a bar shi ya je bakin ruwa babu mai bin sa. In ɗinki ya riƙe ka, Tatu ta bi shi. In ya ƙi, a kulle ƙofa, ni na ɗauki laifin. Ka amsa mini ranar da wannan ta same ka, ko layi biyu ne.

Mwantumu

Maskat, Mayu 1988

Kombo,

Ban san ta inda zan fara gaisuwa ba. Azumi ya zo ya wuce, an yi Ƙaramar Salla, ko takarda ɗaya daga gare ka babu. Kullum sai na je wurin mai raba wasiƙu, har ya fara kawar da kai in ya hango ni.

Jiya sai ga wasiƙar Gwaggo Riziki. Wani mai fataucin kwakwa da ya bi jirgin ruwa daga Pangani ya same ta har gida ya ba ta labari. Ya ce jirginka ya nutse, rufin ɗakin kaɗai ake gani a saman ruwa. Ya ce da idonsa ya ga Baba cikin ruwa har ƙirji, babu hula, yana ta ihu yana ɗaga hannu, gari ya taru ana kallo. Ya ce Baba da hannunsa ya zare matoshin gindin jirgin ya bar ruwa ya cinye shi, kai kuma kana tsaye a gaɓa rungume da tsummoki kana hawaye. Gwaggo ta ce Yayanta ya zautu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shi ya sa ka yi shiru? Kombo, ina Baba? Yana da rai? An fito da shi? Ni na yarda da wannan wasan naka, ni na ce Gwaggo ta dakata, in wani abu ya same shi ba zan yafe wa kaina ba.

Alkawarin Babbar Salla ya tashi. Na aika wa Gwaggo ta ɗauki shatar mota ta je ta taho da shi da zarar hanya ta buɗe. Kada ka tsaya mata a gaba. Ba na jin haushin babur ɗinka ko jirginka, wallahi ko a jikina. Ubana nake so a ba ni da rai.

Mwantumu

Pangani, Yuni 1988

Yayata,

Salamu alaikum. Kafin komai: Baba yana da rai, lafiyarsa ƙalau, hankalinsa ya fi nawa. Yanzu haka ina jiyo muryarsa daga bakin kogi yana yi wa makaniki faɗa. Ki sha ruwa, ki numfasa, sannan ki ci gaba da karatu.

Ban yi shiru ba. Na rubuta miki tun farkon azumi, ashe jakar wasiƙu tana can maƙale tare da bas a inda ruwa ya yanke hanyar Tanga. Wasiƙunki biyu da Gwaggo rana ɗaya suka iso mana. Da na karanta su sai da ƙwalla ta zo mini. Ki yafe mini, ban taɓa kawo yadda maganar shiga ruwan nan za ta sauka a zuciyarki ba.

Mai kwakwa bai yi ƙarya ba, duk abin da ya faɗa ya faru. Ga yadda aka yi.

Ranar da na kwaɓa siminti, na sa siririn katako na farko a tsaga, na ɗaga guduma ke nan, sai na ji daga bayana: "Kai! Ajiye gudumar nan, sakarai!" Na saki guduma ta faɗo mini a babban yatsa. Na juyo, Baba ne, jijiyar wuyansa a miƙe. Yaya, tun da aka haife ni ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Ina tsalle da ƙafa ɗaya ina dariya ina kuka.

Ya ce, "Wannan wandon wani ne da za ka yi masa faci? Katakon nan ba yagewa ya yi ba, ƙishirwa yake ji. Ka cusa masa abu yana bushe, ranar da ya sha ruwa ya kumbura, ina zai kumbura zuwa? Ya karya haƙarƙarin jirgin ya watsar da kai a tsakiyar kogi, kai da labulenka!"

Na ce, "To Baba ya za a yi?"

Ya ce, "A nutsar da shi."

Na ce, "A me?"

Ya ce, "Kurma ne kai bayan wauta?"

Ashe duk safiyar nan da yake shiga ruwa, wuri yake nema. Da tafin ƙafarsa yake taɓa ƙasa, yana neman inda yashi ne ba laka ba, ba zurfi, kuma inda ruwan gishiri ke kaiwa, don ya ce ruwan kogi zalla ruɓar da katako yake. Tun ranar da jirgin ya wuce ta ƙofar gida ya san abin da yake buƙata. Ya yi ta jira in gane da kaina, ya ga ba ni da niyya.

Da kansa ya bi gida-gida ya taso tsofaffin abokan aikinsa na jirgin fito. Suka ja jirgin zuwa wurin da ya zaɓa, suka loda masa duwatsu a ciki, suka ɗaure shi gaba da baya. Inji dama yana shago. Ni abin da aka bar mini shi ne kwashe katifu da labule, su ne tsummokin da aka ce na rungume. Ihun kuwa umarni yake bayarwa: "Ja ta hagu! Ta hagu na ce, ko hannunka ma ya yi ritaya?" Hawaye kam na yi, ba zan ɓoye ba. Ina kallon babur ɗina yana shiga ruwa a hankali, gari yana mini dariya.

Duk tsawon azumi jirgi yana kwance a ruwa. In teku ta janye Baba ya je ya gwada bakin wuƙa a tsagogin, ya dawo ya ce da saura. Da shan ruwa yana cin abinci kamar mai noma, har ya fara yi wa Tatu ƙorafin gishiri ya yi yawa. Tatu ta shiga madafa ta yi ta kukan murna.

Gwaggo kuwa ba ta tashi isowa ba sai ranar da za a ɗago jirgin daga ruwa. Ta sauko daga motar shata da sabon zaninta da takalmin zuwa biki, ta hango Yayanta cikin ruwa, ta ɗora hannu a ka. "Yaya Faki! Fito daga ruwan nan, ka girmi wannan! Na zo tafiya da kai!"

Ko juyowa sosai bai yi ba. Ya ce, "Riziki, kin zo a kan gaɓa. Riƙe igiyar nan. Kada ki saki sai na ce."

Ta ce, "Ni? Ni za ka..." Sai ga igiya a hannunta, takalmin biki kuma tsamo-tsamo cikin ruwa. Ta kalle ni ta ce a hankali, "Kombo, magana fa yake yi." Na ce, "Gwaggo, tun azumi bai yi shiru ba, mu har mun fara neman hutu."

Da ruwa ya janye aka mai da matoshi, aka kwashe duwatsu, muka yi ta kwarfa da bokitai, har direban shata ya naɗe wando ya shigo. Sannan muka tsaya jira. Teku ta fara kawowa, ta taɓa gindinsa, ta hau. Sai jirgin ya ɗan motsa, ya gyara zama, ya tashi. Yaya, ya tashi! Na shiga ciki na rufe ƙofa, na duba gindinsa, ko ɗigon haske babu. Tsagogin da yatsana ke shiga sun haɗe kamar ba a taɓa raba su ba. 'Yan wuraren da suka rage Baba ya bi su da auduga da man kifi, a hankali, ba da guduma ba. Warin man nan ya kama labulena, amma na haƙura.

Gwaggo ta kwana mana uku. Da aka mai da inji Baba ya tsallaka da ita Bweni ya dawo da ita, tana zaune a kan katifata tana cewa a rage gudu. Ta koma Darussalam ita kaɗai da buhun kwakwa. Ta ce in gaya miki ita ba za ta iya da wannan a bene ba, maƙwabta za su kai ta ƙara.

Jirgi yana ɗan yoyo, Baba ya ce haka na katako yake, aikin mai shi ne ya kwarfe kowace safiya, kuma wai ni ne mai shi. Inji yana zafi in an daɗe, robar famfon ruwansa ta mutu kuma babu irinta har Tanga. Ni kuma, tun da za ki tambaya, e, na yi amai. Zuwa da dawowa.

Ƙaninki,
Nahodha Allura

Maskat, Yuni 1988

Kombo ƙanina,

Wa'alaikumus salam. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. A tsaye na buɗe wasiƙarka a ƙofar ɗakin majinyata, layin farko kawai na karanta na zauna a ƙasa. Wata tsohuwa da nake jinya ta taso da sandarta tana tambaya wa ya mutu. Na ce babu, ubana ne ya zagi ƙanina. Har yanzu kallon mahaukaciya take mini.

Na yi maka faɗa da yawa, ka yi haƙuri. Kai ka ga abin da ni da duk karatuna ban gani ba, ko da yake da wautarka ka warkar da shi ba da dabara ba. Don Allah kada ka yi saurin ƙwarewa. Ka riƙa ɗaure igiya a karkace, ya samu abin faɗa.

Abu biyu nake so. Na ɗaya, ku goge sunan Bagirken nan ku sa wa jirgin sunan Mama. Na biyu, maganar Darussalam ba zan rufe ta ba sai na ji daga bakin mai ita. Tun rasuwar Mama ban ga rubutun Baba ba. Ka ba shi takarda da alƙalami, ko "to" ce ya rubuta mini da ajaminsa.

Yayarka,
Mwantumu

Pangani, Yuli 1988

Bismillahi.

Zuwa ga 'yata Mwantumu. Na gaishe ki, Allah ya yi miki albarka. Lafiyata lau. An ce ƙafa tana damun ki, ki riƙa zama in kin samu wuri.

An ce kin tashi hankalin Riziki ta yi asarar takalmi. Ba ni zuwa Darussalam. In na tafi wa zan bar wa jirgi? Ƙaninki jiya ya ɗaure shi da irin ƙullin da ake yi wa bakin zaren ɗinki, da ban duba ba da yanzu yana tsibirin Pemba. Mutum ne mai kirki, amma ko akuya ba za a bar masa ta kwana a ruwa ba. Akwai aikin shekaru a gabana kafin ya zama wani abu.

Robar famfo nake so. Na zana miki girmanta a bayan takardar nan, ki kai wa masu kayan jirgi a bakin tashar ruwa, ki karɓo biyu. Kada ki yarda su ba ki mai kama da ita.

Maganar suna, a'a. Ba zan sa sunan mahaifiyarku a kan jirgi ba. Matar nan ta tsani ruwa duk rayuwarta. Ta auri mai jirgi, amma ba ta taɓa tsallaka kogin nan ido buɗe ba. Sai ta riƙe mini gefen riga, tana tsotsar lemun tsami, tana cewa Faki ka kashe ni. In na ɗora sunanta a ruwa dare da rana ba za ta yafe mini ba.

Ranar da muka kai Riziki Bweni na juya na ga Kombo ya runtse ido, ya riƙe gefen rigata bai ma sani ba. Fuskarsa tata ce sak. Na daɗe ban iya tuna fuskarta ba sai ranar. Na tsayar da inji na ce musu zafi ya yi.

Yanzu ina ajiye lemun tsami a aljihu in za mu fita. Rabi nake ba shi. Ɗaya rabin ban san yadda zan yi da shi ba, sai in riƙe har mu dawo.

Ki zo da Salla, zan ɗauko ki da jirgi in Allah ya yarda. Kada ki manta robar.

Mahaifinki,
Faki